Ina son ruwa

Yau na leƙa gidan yayata a Gwammaja. Ɗanta mai lalurar galahanga, shekararsa 6, har yanzu ba ya magana. Muna zaune ya ɗauki wayarta ya danna hoton kofi, sai ga muryar uwar: "Ina son ruwa." Ashe ita ta naɗi muryarta da Hausa, don manhajar wayar da ke magana in an danna hoto, Turanci take yi.

Na ce, "Yaya, ai an samu magani!" Ta ce ina, wata huɗu ta yi tana kama hannunsa kafin ya danna da kansa. Har na hau adaidaita sahu ina ta lissafin sau nawa yaron nan ya ji ƙishirwa muka ɗauka rigima ce.