Haruffan ado na kanun rubutu ne kawai

Tun da na fara haɗa fosta a kwamfuta na gane salon haruffa yana magana tun kafin mutum ya karanta komai, wallahi. Kwanan nan na yi dizayin na baje kolin tsofaffin littattafai, na sa kanun da irin baƙaƙen haruffan nan masu kaifi, irin wanda Gutenberg ya buga Baibul da su wajen 1455 a Jamus, har yau ma jaridar New York Times da irinsu take rubuta sunanta, kai da gani ka san maganar tarihi ake. Amma fa kalma uku ko huɗu kaɗai suke iya ɗauka, in ka zuba su a dogon bayani ido ya gaji nan take, shi ya sa ranar baje kolin da wurinsa da lokacinsa na bar su a salo mai sauƙi. Abin da ke damuna shi ne masu cusa salo biyar a fosta ɗaya, ko su ɗauko salon haruffan Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana a 1994 don zancen 'yan katun, su rubuta sanarwar rasuwa da shi. Gaskiya wannan bai dace ba sam.