Saƙon Godiya Bayan Dawowarmu Daga Tafiyar Kogin Rhône

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya kai mu lafiya ya kuma dawo da mu lafiya, ni da uwargida, daga tafiyar da muka yi a cikin jirgin ruwa a kan kogin Rhône na ƙasar Faransa, tun daga garin Arles da ke kudu har zuwa birnin Liyon. Tun da muka sauka gida 'yan uwa da abokan arziki suke ta zuwa da bugo waya domin yi mana barka da dawowa, kuma tun da ba zai yiwu in bi kowa gida-gida ba, na ga ya dace in rubuta wannan saƙo, in ambaci waɗanda suka yi mana hidima, in kuma bayyana irin hidimar da kowa ya yi.

Farkon godiyata ta tafi ga 'yata da mijinta, mazauna Liyon, waɗanda suka ƙudura wannan tafiya a ransu tun ranar da na ajiye aikin koyar da tarihi, da kuma tsofaffin ɗalibaina da suka haɗa gudummawa ba tare da na sani ba. Surukina ya san cewa gwiwata ba ta jure doguwar tafiya a mota, ba ta kuma jure hawa da sauka a tashoshin jirgin ƙasa, saboda haka ya zaɓa mana jirgin kogi, inda mutum yake kwance kayansa sau ɗaya, masaukinsa kuma ya riƙa tafiya da shi daga gari zuwa gari. Jirgin kogi ba ya tangaɗi irin na jirgin teku, kuma sau da yawa yakan tsaya a tsakiyar gari, ta yadda da fitowarka kana cikin tsohuwar unguwa.

Akwai wani alheri da surukina ya yi wanda ban gane girmansa ba sai da muka shiga jirgin. Ɗakunan kwana ba kuɗinsu ɗaya ba. Na hawan ƙasa su ne masu sauƙin kuɗi, amma rabinsu yana ƙarƙashin ruwa, tagarsu ƙarama ce a can sama kuma ba ta buɗuwa. Na benen tsakiya da na sama suna da ƙofar gilashi tun daga ƙasa har rufi, wadda ake turawa gefe iska ta shigo, da shingen ƙarfe a gabanta. Shi ne ya cika kuɗin daga aljihunsa aka ba mu ɗaki a benen tsakiya, kusa da na'urar hawa bene. Ɗakin ba shi da faɗi, domin jiragen ba sa kai mita 12 a faɗinsu, amma an tsara shi da hikima: akwatuna suna shiga ƙarƙashin gado, banɗaki yana ciki, kuma tsakanin gado da ƙofar gilashi akwai filin da ya ishi darduma ɗaya. A ranakun da ƙafa ta hana ni fita, daga wannan ƙofa na riƙa ganin gonakin inabi da tsofaffin ƙauyuka suna wucewa. Allah ya saka maka da alheri, ɗana, ya ba ka masu yi maka fiye da abin da ka yi mana.

Ina miƙa godiya ga ma'aikatan jirgin, musamman yarinyar da take gyara mana ɗaki, wadda tun ranar farko ta lura da darduma da Alƙur'ani, ta kuma riƙa zagaye su ba tare da ta taɓa ba, har ta kawo wa uwargida wata buta ta roba da ba mu san inda ta samo ta ba. Haka nan shugaban masu dafa abinci, wanda ya zo teburinmu da kansa ya tambayi abin da muke ci da wanda ba ma ci, daga nan kuma kullum akwai kifi da kayan lambu da aka dafa mana daban, ba giya a cikin miya, ba man alade. A ƙasar da ake alfahari da dafa nama da giya, wannan kulawa ba ƙarama ba ce. Wani ma'aikaci ɗan asalin Aljeriya shi ne yake gaya mini lokacin da jirgi zai miƙe a hanya ba tare da yawan karkata ba, domin in daidaita alƙibla in yi salla cikin natsuwa.

Matuƙin jirgin ma ya cancanci yabo. Kogin Rhône ya taso ne daga ƙanƙarar duwatsun Suwizalan, ya ratsa tafkin Janeba, ya haɗu da kogin Saône a Liyon, sannan ya gangara zuwa Bahar Rum, tafiyar fiye da kilomita 800. Tsakanin Arles da Liyon akwai madatsun ruwa 12, kowace da mashigin da ake kulle jirgi a ciki, a cika ruwa ya ɗaga shi ko a rage ruwa ya sauke shi. Mafi zurfinsu shi ne na Bollène, wanda yake ɗaga jirgi mita 23. Da muka shiga aka rufe ƙofa a bayanmu, sai ka ce an zura mu cikin rijiya, bango a dama, bango a hagu, tazarar da ke tsakaninsa da jikin jirgi ba ta wuce ta miƙa hannu ba. Ranar kuwa ana iskar nan mai ƙarfi da take busowa daga arewa ta bi kwarin kogin, amma bawan Allah ya shigar da jirgin bai goga bango ba.

Game da fita yawon buɗe ido, na gode wa mai tsara shirye-shiryen jirgin da ta ware rukuni na musamman domin masu tafiya a hankali, aka ba kowa ɗan abin sauraro a kunne, ta yadda ko an bar ka a baya kana jin bayanin jagora. Da haka muka ga dandalin wasannin Rumawa da ke Arles, da fadar fafaroma da ke Avignon, inda shugabannin cocin Katolika suka zauna daga 1309 zuwa 1377, da kuma tsohuwar gadar garin da ta tsaya a tsakiyar ruwa. Ranar da aka kai fasinjoji ɗanɗana giya a Tain-l'Hermitage, mu an kai mu wurin masu yin cakulan, kuma uwargida ta ji daɗin wannan canji ƙwarai.

Sai dai abin da ya kai ni wannan kogi shi ne tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a nan ne godiyata ta fi nauyi. Tun a Arles, kusa da inda jiragen suke tsayawa, akwai ginshiƙan wata gadar jirgin ƙasa da aka rusa da bama-bamai a 1944, zakunan dutse suna nan a kansu har yau. Hanyar da muka bi zuwa arewa ita ce hanyar da sojojin ƙawance suka bi bayan sun sauka a gaɓar Provence, a kudancin Faransa, ranar 15 ga Agustan 1944, suka fafata da Jamusawa masu ja da baya a kewayen Montélimar a ƙarshen watan, suka shiga Liyon ranar 3 ga Satumba. A cikin rundunar Faransa da ta sauka a wannan gaɓa, ta kuma ƙwato Toulon da Marseille, akwai dubban 'yan Afirka.

A Liyon jagoranmu ya kai mu kurkukun Montluc, wanda aka mai da shi wurin tunawa. A nan 'yan sandan ciki na Jamus, ƙarƙashin Klaus Barbie, suka tsare Jean Moulin, jagoran haɗa kan Faransawa masu gwagwarmaya da mamayar Jamus, bayan an kama shi a Caluire ranar 21 ga Yunin 1943. A nan aka tsare masanin tarihi Marc Bloch kafin a harbe shi a Yunin 1944. A nan kuma aka kwana da yara Yahudawa 44 da aka kwaso daga gidan da ake ɓoye su a ƙauyen Izieu ranar 6 ga Afrilun 1944, kafin a tura su sansanoni, kuma ba ko ɗaya daga cikin yaran da ya dawo. Shi Barbie sai a 1987 aka yi masa shari'a a Liyon aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Na gode wa wannan jagora da ya yi bayani a tsanake, bai ƙawata ba, bai kuma gaggauta mu ba lokacin da ya ga uwargida ta kasa riƙe hawaye a gaban hotunan yaran.

Akwai wuri ɗaya da ba ya cikin jerin wuraren da aka shirya, kuma shi ne na fi buƙata. A arewacin Liyon, tafiyar da ba ta da nisa a mota, akwai ƙauyen Chasselay. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940, bayan Marshal Pétain, shugaban gwamnatin Faransa na lokacin, ya riga ya nemi Jamus a tsagaita wuta, aka bar runduna ta 25 ta sojojin Afirka ta Yamma ta tare hanyar shiga Liyon. Suka yi yaƙi har harsashi ya ƙare. Da suka miƙa wuya, Jamusawa suka ware baƙaƙe daga hafsoshinsu Turawa, suka kora su cikin wani fili, suka buɗe musu wuta daga tankokin yaƙi. Fursunonin yaƙi ne, kuma launin fatarsu kaɗai ya raba su da waɗanda aka bari da rai. Ana kiran waɗannan sojoji 'yan Senegal, amma daga duk yankunan da Faransa take mulka a Afirka ta Yamma aka riƙa ɗibar irinsu, har da ƙasar Nijar. Ƙanen kakana na wajen uwa, mutumin ƙasar Damagaram, yana cikin samarin da aka ɗiba a farkon yaƙin, kuma har mahaifiyarsa ta rasu ba ta daina sauraron dawowarsa ba.

Da na gaya wa mai tsara shirye-shirye wannan labari, ba ta ce mini ba ya cikin tsari ba. Ta nemo mota da direba, ta kuma daidaita lokaci domin mu je mu dawo kafin abincin dare. Maƙabartar tana kewaye da jan bango mai tsinin ginshiƙai, bisa fasalin ginin ƙasa na Afirka ta Yamma, an buɗe ta a Nuwamban 1942, kuma sojojin Afirka ta Yamma 188 ne suke kwance a ciki. Da yawa daga cikin kaburburan ba su da suna. Na bi su layi-layi gwargwadon yadda ƙafa ta bari, na karanta sunayen da suke akwai, sunaye irin namu na Musulmi da irin na maƙwabtanmu, muka yi addu'a ni da uwargida da 'yata. Shekaru na yi ina faɗa wa ɗalibai wannan labari daga littafi, kuma 'yar wannan hidima da baiwar Allah ta yi ita ce ta tsayar da ni a wurin da abin ya faru. Ba ni da kalmar da za ta biya ta.

Godiya ta wajaba ga mutanen wannan ƙauye, na da da na yanzu. Kakanninsu ne suka tattara gawarwakin suka binne duk da cewa Jamusawa sun hana, kuma wani jami'i mai suna Jean Marchiani ne ya tsaya tsayin daka, a lokacin da yaƙi bai ƙare ba, har aka gina maƙabartar. Wurin yana da tsabta, da alamar ana kula da shi. A ganina ya kamata kamfanonin jiragen da suke tsayawa a Liyon su sa Chasselay cikin jerin wuraren da suke kai baƙi, kamar yadda suke sa Montluc, domin waɗannan samari ma saboda Liyon suka mutu. 'Yan uwansu da suka tsira kuwa ba su ga sakayyar da ta dace ba: wasu an harbe su a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu, sauran kuma aka daskarar da fanshonsu, ba ƙari, har tsawon shekaru da dama bayan ƙasashensu sun sami 'yancin kai.

Ba zan manta da wasu dattawa biyu 'yan Amurka, miji da mata, da muke cin abinci a teburi ɗaya ba. Mahaifin mijin yana cikin sojojin da suka bi wannan kwari a 1944. Da suka ji inda za mu, suka bar yawon da suka riga suka biya kuɗinsa suka bi mu, mijin ya riƙe mini hannu a wuraren da ƙasa ba ta daidaita ba, ya kuma cire hularsa ya tsaya shiru har muka shafa addu'a. Allah ya saka musu da alheri.

A gida kuwa, ina godiya ga likitan da ya duba ni kafin tafiya ya tsara mini magunguna, da ƙanena da ya riƙe gida, da maƙwabta da suka kula da yara, da malam limaminmu da jama'ar masallaci da suka raka mu da addu'a. Hotunan da 'yata ta ɗauka a Montluc da Chasselay zan miƙa su ga malaman tarihi na makarantar da na bari, tare da bayanin kowane ɗaya a rubuce da Hausa, kuma duk malamin wata makaranta da yake son kwafi ƙofata a buɗe take.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na kusa da waɗanda suke kwance a ƙasashen nesa. Allah ya yi wa 'ya'yana da ɗalibaina albarka, ya buɗa musu ƙofofin arziki na halal, ya bar zumunci. Amin.

Wassalamu alaikum.