Juya Hajiya, ko da tana barci

Shekara 22 na yi ina aikin jinya a asibitin gwamnati kafin in ajiye. A tsawon shekarun nan, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffin da muke sallama suna samun sauƙi, bayan wata guda a dawo da su ranga-ranga, baya ya yi gyambo, ƙirji ya cika da majina. Ba rashin so ba ne daga 'ya'yansu. Kowa na da wurin neman abincinsa, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake riƙe mai shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa na buɗe ɗan kamfanin kula da marasa lafiya a gida.

Yanzu mu 13 ne: nas 3 masu lasisi, sauran masu kula ne da na horar da kaina. A Kaduna muke, muna shiga Malali, Unguwar Rimi, Kawo da Tudun Wada, wani lokaci mu haye gada zuwa Barnawa. Yawancin waɗanda muke kula da su an sallamo su ne daga asibitin Barau Dikko ko na sojoji na 44 ko na Yusuf Ɗantsoho, da takardar magani a hannu da ranar komawa ganin likita. Tsakanin sallama da wannan rana, nan aikinmu yake.

A shekararmu ta farko na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na kai wata yarinya mai ladabi gidan wata Hajiya da ba ta iya motsa gefen dama. Na gaya mata da baki cewa duk bayan awa 2 ta juya ta. Yarinyar ta ce to. Amma duk sa'ad da ta tashi juyawa cikin dare, sai babbar 'yar gidan ta ce, "Haba ke kuwa, ki bar Hajiya ta samu barci mana." Yarinya 'yar shekara 23, a gidan mutane, ina ita ina musu da uwar ɗakinta? Ta yi shiru, ni ma ba ta gaya mini ba. Da na je bayan kwana 9 na ɗaga zane, sai ga fatar ƙugu ta buɗe. Wata 4 muka yi muna wankin wannan gyambo kafin ya rufe, kuma ban karɓi ko sisi a kansa ba.

Laifin nawa ne, ba na yarinyar ba. Na aika ta da umarnin baki kawai, ba ta da abin da za ta nuna wa masu gida. Tun daga ranar kowane gida da muka shiga akwai littafi a gefen gado. Ana rubuta lokacin da aka juya, gefen da aka kwantar, abin da aka ci, maganin da aka sha, hawan jini, sukari, fitsari da bayan gida. Kafin mu fara aiki nakan tara iyalin, har da surukai, in nuna musu wuraren da ƙashi ke danne fata: ƙugu, dunduniya, kafaɗa, ƙeya. In ce musu idan wuri ya canza launi, aka danna da yatsa bai koma daidai ba, gyambo ya riga ya yi sallama. A baƙar fata ma ba ja ake gani ba, duhu ne ko zafi ko tauri, shi ya sa hannu ya fi ido. Sannan babba a gidan ya sa hannu a shafin farko. Yanzu idan wani ya ce a bar Hajiya ta huta, yarinyata ba ta musu, sai ta ce, "Anti, littafin ne zai nuna ban yi ba."

Wurin da muka fi samun saɓani da iyalai shi ne allura da ƙarin ruwa. Mai kula aikinta wanka, juyawa, ciyarwa, awo da ba da ƙwayar da likita ya rubuta. Ba ta yin allura, ba ta sa robar fitsari, ba ta ɗaura ruwa. Wannan na nas ne, kuma nas ɗin sai na ga lasisinta na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da idona, na tabbatar bai ƙare ba. Sau da yawa za a ce mini, "Hajiya, ai ɗan kemis ɗin layinmu ma yana yi." Na sani yana yi. Na kuma ga abin da leda biyu na ruwa ke yi wa tsoho mai ciwon zuciya. Mun rasa gidaje saboda wannan taurin kai nawa, ban kuma yi da-na-sani ba.

Ciyarwa kuwa, mutane na ganin ita ce mafi sauƙi, alhali nan ne mai shanyewar jiki ya fi shiga haɗari, domin haɗiya kan lalace tare da hannu da ƙafa. Ruwa tsinkakke ya fi saurin bin hanyar numfashi fiye da kunu mai kauri, daga nan sai ciwon huhu. 'Yan dubiya kan zo da rubutu ko zamzam, su ɗaga kan mara lafiya yana kwance su ɗura masa. Ban taɓa hana rubutu ba, ni ma ina sha. Abin da na ce shi ne a zaunar da shi sosai, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar minti 30. Jiƙe-jiƙe da garin magani ne nake roƙo a nuna mana tukuna, mu rubuta, mu kai wa likita, saboda mai ciwon ƙoda ba komai jikinsa ke iya fitarwa ba.

Sai batun wuta. Insulin, wato maganin allura na masu ciwon sukari, idan ba a buɗe shi ba yana son sanyin firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ga shi a watan Maris da Afrilu zafin Kaduna ba ya wasa, wuta kuma sai ta ga dama. A gidan da firij ba abin dogaro ba ne, wanda ake amfani da shi mukan sa a roba mai murfi mu ajiye a jikin randa mai ruwa, a inuwa. Idan awon sukari ya sauka ƙasa da 70, mai kula ta san ta ba da abu mai zaƙi in har mutum yana iya haɗiya, sannan ta kira ni, ko ƙarfe nawa ne. Janareto kuma dole ya yi nisa da tagar ɗakin, hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci.

Akwai kuma tsaron su kansu ma'aikatan, wanda ba a cika maganarsa ba. Ba na aika 'yar mutane gidan da ban taka da ƙafata ba. Mace ke kula da mace, namiji da namiji. Ba 'yan aikin gida ba ne, ba sa wankin kayan yara ko zuwa cefane, domin lokacin da aka aike ta kasuwa ne Baba zai yunƙura zuwa bayi shi kaɗai ya faɗi. Ba sa riƙe katin banki, ba sa buɗe durowar gwal. Kowacce na da mai tsaya mata, na kuma san ƙofar gidansu. Wannan kariya ce ga masu gida, kariya ce gare ta ranar da sarƙa ta ɓace.

Wasu na cewa kuɗinmu ya yi yawa, za su samo yarinya daga ƙauye da rabin haka. Nakan lissafa musu safar hannu, sabulu, akwatin zubar da allura, kuɗin Keke, albashin mai dare da mai rana, tunda ba na barin mutum ɗaya ya yi awa 24 a jere. Wasu su dawo, wasu ba sa dawowa.

Har yanzu sau biyu a mako nakan fita bayan sallar asuba ba tare da na sanar da kowa gidan da zan je ba. Ina shiga, bayan gaisuwa, littafi nake fara ɗauka. Idan ya ce an juya zuwa hagu ƙarfe 4, zuwa dama ƙarfe 6, sai in dubi agogo in dubi yadda Hajiya take kwance, sannan in wanke hannu in ɗaga zane.