Daren da na kwana tsakanin ɗaki da banɗaki

Wata takwas ina ganin jini a bayan gida ina cewa basir ne. Babu jiƙon da ban sha ba, har na masu lasifika a kasuwar Talata Mafara. Sai da na fara ramewa uwargida ta kafe, na tafi Gusau. Likita ya ce sai an leƙa babban hanjina da kyamara, wato kolonoskofi. Da ya ce ta dubura ake zura bututun, sai na sunkuyar da kai. Ya ce, "Alhaji, mu kullum aikinmu ke nan."

Ashe wahalar tana daren jajibiri. Kwana uku kafin ranar aka hana ni wake, zogale, gyaɗa, da duk ɗan itace mai ƙwaya irin gwaiba. Ƙwayar ƙarin jini kuwa tun mako guda na ajiye ta, don tana baƙanta hanji. Mai ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini ya faɗa wa likita tun da wuri. Ranar jajibiri ruwa ne kawai, sai romo tatacce da shayi ba madara, sannan maganin wankin ciki, mai gishiri-gishiri, lita bayan lita. Alwala ma ba ta zama.

Nan na yi ɓarna. Na sha rabi zuciyata ta tashi, na zubar da sauran, na kora da zoɓo mai sanyi, tunda shi ma ruwa ne. Da safe ma'aikaciyar jinya ta riƙe baki: "Baba, zoɓo ja ne, a kyamara kamar jini yake. Kuma sai abin da ke fita ya koma ruwa garai-garai." Aka ɗage min, kuɗin mota da na magani suka tafi a banza.

Karo na biyu na sanyaya maganin a firij, na riƙa kurɓa kofi-kofi har ya ƙare. Aka kwantar da ni ta gefen hagu, aka yi min allurar barci. Bai kai awa ɗaya ba. Na farka ciki a kumbure da iskar da suka hura, ƙanena yana cewa, "Yaya, sannu." Shi ya tuƙo mu gida, don an hana ni tuƙi ranar.

Ɗan tsiro suka cire, aka aika da shi ɗakin bincike. Basir ɗin ma yana nan, amma ba shi kaɗai ba ne.