Kafin a yanke hukuncin "sai an yi fomat"

Idan kwamfuta ta fara kuka da fanka ba dare ba rana, ƙasanta ya yi zafi, batir kuma ba ya jimawa, yawancin masu gyara a wajenmu hukunci biyu suke yankewa: ko bairos ne, ko sai an yi fomat, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Zaman da na yi a teburin gyara ya nuna mini cewa sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda kuma yake ɗanɗana kuɗar wannan gaggawa shi ne mai kwamfutar, don takardunsa da hotunansa ne ke tafiya.

Wata malamar makaranta ta taɓa kawo mana laftof mai Windows 10, sakamakon jarrabawar ɗalibanta duk yana ciki. Yaron shagonmu ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager, mai nuna ayyukan da ke gudana a kwamfuta, ya buɗe, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) tana kan kashi 100. A saman layi akwai SearchFilterHost.exe, wani ɓangare na Windows Search mai kula da binciken fayiloli, can sai WerFault.exe ya leƙo ya ɓace. Yaron ya kashe na farkon, ya juyo ya ce, "Oga, an gama." Kafin ya rufe baki ya dawo.

Na ce masa ya shiga shafin Details ya zuba ido a kan lambar PID. Duk aikin da ke gudana a kwamfuta yana da lambarsa, kuma ba ta canzawa muddin yana raye. Wannan kuwa tasa sai sauyawa take yi, ka gan ta yanzu, jim kaɗan ka ga wata. Ashe mutuwa yake yi ana sake tayar da shi. WerFault ɗin da muke gani shi ne mai rubuta rahoto duk lokacin da wata manhaja ta faɗi, shi ma kuma yana cin nasa rabon na firosesa. Saboda haka kashe aikin da hannu taya shi mutuwar da ya riga yake yi ne kawai. Tambayar da ta dace ita ce: me ke kayar da shi?

Windows ba ta ɓoye amsar, mu ne ba ma karantawa. A Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ƙarƙashin Windows Logs, sashen Application, duk faɗuwar manhaja tana barin shaida mai lamba 1000. A cikinta akwai layin da ke faɗin sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. Muka tarar da jajayen alamomi jere reras, dukansu suna nuna fayil guda na DLL (ɓangaren manhaja da wasu manhajoji ke ara su yi aiki da shi), kuma ba na Microsoft ba ne. Na wata tsohuwar manhajar karanta PDF ce da aka ɗora tuntuni aka manta da ita. Windows Search yana bin fayiloli yana karanta abin da ke cikinsu don bincike ya yi sauri, idan ya zo kan PDF sai ya ari abin karatun wannan manhaja, abin ya fashe, a sake tayar da shi, ya sake komawa wurin.

Muka cire manhajar, muka shiga Indexing Options, Advanced, muka danna Rebuild. A nan dole ka yi wa mai kaya bayani. Na ce mata, "Malama, yau za ki ji tana ɗan aiki na wasu awoyi, lissafin fayilolinki take sake haɗawa. Ki bar ta a caji." Ba a taɓa ko fayil ɗinta ɗaya ba.

Ba wai ƙura ba ta da laifi ba. Da hunturu muna fitar da ƙura kamar auduga daga bakin fanka, kuma firosesa idan ta doshi digiri 100 tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Sharewa wajibi ne. Sai dai zafin da aikin banza ke haifarwa, ko sabuwar fanka ka sa ba zai tafi ba. 

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu shiga Services, inda ake kunna ko kashe ayyukan Windows, su kashe Windows Search gaba ɗaya, su karɓi kuɗi. Fanka za ta yi shiru, gaskiya ne. Amma gurɓatacciyar manhajar tana nan daram, kuma ranar da mai kwamfuta ya nemi wata wasiƙa a Outlook ko wata takarda cikin dubban fayilolinsa, sai ya zauna yana jira, bai san cewa a shagon gyara aka yanke masa wannan hanya ba.