Zikiri ga mai ciwon sikizofireniya: kaɗan, ido buɗe, tare da magani

Ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin ƙwaƙwalwa, yana kama kusan mutum 1 cikin 300 a duniya, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kuma galibi yana farawa ne da samartaka. Jin muryoyin da ba wanda yake ji sai mai ciwon, da zargin mutane, su ne abin da dangi suka fi gani. Amma abin da ke karya gida shi ne wanda ke saura bayan magani ya kwantar da muryoyin: mutum ya wuni a zaure bai yi wanka ba, a aike shi kasuwa ya manta abin da zai sayo. Nan ne natsuwar ibada ke da aiki.

A fara da alwala, don tana da jeri kuma jiki na jin ta. A ce wa mai ciwon ya lura da sanyin ruwan buta a tafin hannu, da yadda yake gangarowa zuwa gwiwar hannu. In murya ta kutso, kada ya tanka mata, kada kuma ya yi kokawar korar ta. Ya ce a ransa "ga ta nan", ya koma kan ruwan. Bayan sallama sai tasbihi 33, tahmidi 33, takbiri 33, da carbi a hannu, a fili yadda kunnensa zai ji. Furta magana a fili kan rage ƙarfin muryoyin ga wasu. Minti biyar ya isa, ido a buɗe yana kallon gefen tabarma.

Daga nan a ɗaura wa kowace salla aiki ɗaya: wanka bayan Asuba, ba awaki ruwa bayan La'asar, magani bayan Isha'i idan haka likita ya tsara. Wannan shi ya fi komai amfani a ganina, domin kiran salla agogo ne da ba ya lalacewa.

Ga inda ake kuskure. Halwa da dogon zama ido rufe suna ba muryoyi fili. Raya dare yana cin barci, rashin barci kuwa yana daga manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Sannan muraƙaba kanta, wato kiyaye a zuci cewa Allah yana ganin mutum, tana son hattara: wanda ya riga ya yi imani ana leƙensa, in aka nanata masa "ana ganinka" sai tsoro ya ƙaru. A karkata zuwa rahama, Ya Rahmanu, Ya Salamu. In ya fara maimaita alwala ba iyaka, ko yana cewa an yi masa wahayi, a tsaya a koma asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

Abin da ya fi ciwo shi ne a ajiye magani saboda ruƙya. Addu'a ba ta hana shan risperidone ko olanzapine ko karɓar allurar da ake yi duk bayan makonni. Masu shan chlorpromazine kuma su riƙa tashi daga sujada a hankali, yana sa jiri, musamman a zafin bazara. Kafin azumi a je wa likita da tambayar lokacin sha, kada a sauya shi a gida.