Abin da na koya a kan ciwon fitsari mai tafiya yana dawowa

Ranar da aka ba ni taken furojet ɗina na digiri na biyu wallahi raina shi na yi, na ce ai wannan kowa ya sani, ƙwayar cutar nan E. coli ce ke jawo mafi yawan ciwon mafitsara, a shuka fitsari a faranti ta tsiro a rubuta shi kenan. Ashe cewa E. coli kamar a ce maka mutum Bahaushe ne, to Bakano ne ko Bakatsine, ɗan wane gida ne, nan aikin yake.

Kafin ma in kai can sai da karɓar fitsarin ya ba ni kashi. Makonnin farko farantaina duk a cakuɗe, kala uku huɗu a wuri ɗaya, wani dattijo da ya daɗe a lab ɗin ya leƙo ya ce "'yata, kin ce musu su zubar da na farko su taro na tsakiya? Kuma tun yaushe kwalbar nan take kan tebur?" Na ce Baba tun safe. Dariya kawai ya yi. Fitsari in ya wuce awa 2 ba a shuka ba kuma ba a sa a firij ba, ƙwayoyin da suka faɗa daga fata sai su hayayyafa, ka ƙirga ka ga sun kai 100,000 a mililita ɗaya ka ɗauka cuta ce alhali sakacinka ne.

Sai gano dangin ƙwayar. Tsohuwar hanya ta Kauffmann ce tun shekarun 1940, ana duba alamomin jikinta da ake kira antijin, wato O na bangon jikinta, H na jelar da take iyo da ita, K kuma na rigar da ta lulluɓa. Za ka tafasa ta awa ɗaya, ka haɗa da antisiram, wato ruwan jinin da ke gane kowane dangi, in ta yi guda-guda kamar nonon da ya tsinke to ka samu. Dangin O sun haura 180 amma masu addabar mafitsara ba su da yawa, su O1, O2, O4, O6, O25, O75 su ne dai kullum. Ga antisiram da dala ake saye, ga wuta in ta tafi sai ta ga dama, kai na taɓa kwana ina tunanin firiza kamar na bar jariri a ciki. Waɗanda suka ƙi nuna dangi muka bi su da PCR, wato gwajin ƙwayoyin halittarsu, hanyar Clermont ta Faransa ta 2000 mai raba su gida-gida, inda masu ciwon fitsari suka fi faɗawa B2 da D, sannan mu nemi fimH wato ƙugiyar da take maƙale bangon mafitsara da ita, da pap mai taimaka mata kama ƙoda.

Wata baiwar Allah ce ta sauya min tunani. Sau uku ta zo cikin wata biyar, alhali sau biyu a wata shida ko sau uku a shekara ya isa a ce ciwon mai dawowa ne, kuma kowane zuwa O25, gidan B2, maganin cipro ba ya taɓa ƙwayar. Ita kuwa ta haƙiƙance sanyi take kwasowa a banɗakin gidan haya, ta sha na kemis kwana biyu ta daina in zafin ya lafa, ta sha na gargajiya, har maigidan ta fara zargi. Ni ma da can haka nake ɗauka, rashin tsafta ne, ban taɓa kawo cewa ƙwayar ba daga waje take zuwa ba, tana zaune cikin hanjin mai ita, hanyar fitsarin mace kuma gajera ce kusan santimita 4, tafiyar ba nisa. Har ma masu bincike a St. Louis ta Amurka sun nuna a ɓeraye a 2003 cewa tana kutsawa cikin ƙwayoyin bangon mafitsara ta dunƙule ta laɓe. Tun daga nan na daina yi wa mata wa'azin banɗaki, gaskiya har kunyar abin da na riƙa faɗa nake ji.

Da zumuɗi na ruga wajen malamina na ce Malam mun kama ST131, wata zuriyar E. coli wadda aka fara ba da labarinta a 2008, O25b:H4 mai ɗauke da CTX-M-15, sinadarin da ke karya ƙarfin magani, da ta zagaye duniya. Ya cire tabarau ya ce "kin karanta jerin ƙwayoyin halittarta guda bakwai ɗin da ake tabbatar da ita da su?" Na ce a'a Malam, babu kuɗi. Ya ce to kama da wane ba ta wane, ko cewa ukun nan ƙwaya ɗaya ce ba ki tabbatar ba tukuna. Ranar na ji haushinsa ba kaɗan ba, amma haka na koma na goge na rubuta "mai yiwuwa". Kwalaben nan uku har yanzu suna can ƙasan firiza da lambarsu, ina jiran ranar da za a samu kuɗin aika su.